Ƙanena ya rubuta JAMB sau biyu bai samu likitanci ba: in sake biya masa, ko in bar shi a sana'a?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, karatuna bai wuce sakandare ba. Tun rasuwar mahaifinmu ɗawainiyar ƙannena take wuyana. Ƙanena ya gama sakandare shekara biyu ke nan, yana da kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Burin marigayi shi ne a samu likita a gidanmu, shi ya sa muka cike masa likitanci a Jami'ar Bayero. Karon farko ya ci 198, na bana ya ci 214, har yanzu shiru. Yanzu kullum yana bin wani maƙwabcinmu mai haɗa sola da wayarin, har ya fara iyawa. Baffanmu ya ce asarar kuɗi nake yi, in jawo shi shago kawai. Hajiyarmu kuwa da an taɓo maganar sai hawaye. Wani kuma ya ce in kawo kuɗi, yana da hanya. Ga ƙanwarmu tana ajin ƙarshe, ita kuma lauya take son zama. Ina mafita?

Daga wani ɗan'uwa, Kano

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinku da rahama, ya saka maka da alheri kan riƙon da kake yi wa ƙannenka.

Bari in fara da mai hanyar nan, domin shi ne haɗarin da ya fi kusa da aljihunka. Kada ka ba shi ko sisi. Tun 2017 hukumar JAMB ta kafa tsarin ba da gurbin karatu ta intanet da ake kira CAPS, kuma duk gurbin da bai bi ta cikinsa ba, a wajen hukuma ba gurbi ba ne. Makaranta ce take miƙa sunan yaro, JAMB ta amince, yaron ya shiga shafinsa ya danna cewa ya karɓa, sannan ya fitar da takardar shaidar samun gurbi. Wanda aka shigar ta bayan fage zai iya zama a aji, a yi ta biya masa kuɗin makaranta shekara huɗu ko biyar, sai an zo tafiya bautar ƙasa a nemi sunansa a kundin JAMB a rasa. Masu cewa za su ƙara wa yaro maki su ma 'yan damfara ne. Ko dai su ci kuɗin su kashe waya, ko su bugo takardar bogi da za ta jawo wa yaron tuhuma.

Sai maganar maki. 214 ba faɗuwa ba ce, kuma ina so ƙanenka ya ji haka daga bakinka, domin yaron da ya shekara biyu a gida yana kallon abokansa suna tafiya makaranta ya riga ya fara raina kansa. A jarrabawar 2025 sama da mutum miliyan 1.9 suka zauna, kuma a sakamakon farko da hukumar ta fitar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba cikin 400. A shekarar, mafi ƙarancin makin da aka tsayar shi ne 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin aikin jinya, 100 ga foliteknik da kwalejojin ilimi. Ka ga yaronku yana cikin waɗanda suka taɓuka. Matsalar ita ce ƙofar da yake ƙwanƙwasawa. Majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita take ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban likitancin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da asibitin koyarwarta. Guraben kaɗan ne, masu nema dubbai, har masu 260 da 280 suna rasawa. Gaskiya ne jami'o'in tarayya suna raba gurbi kashi uku: 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki, 35 ga 'yan jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi, kuma Kano tana ciki. Amma duk ɗan Kano da ɗan Jigawa da ya cike likitanci a Bayero shi ma yana da wannan gatan.

Daga 198 zuwa 214, maki 16 ya ƙara a shekara guda, alhali tazarar da ke gabansa ta kai hamsin ko fiye. Allah mai iko ne a kan komai, amma kai ɗan kasuwa ne: idan ka sari wata atamfa sau biyu tana kwantai, ba za ka sake zuba jarinka a kanta karo na uku ba sai ka ga abin da ya canza. Me ya canza a karatun yaron? In babu, to shawarata a fili ita ce kada a sake cike likitanci. Ka tuna kuma ko an samu, shekara shida ce a aji, shekara ɗaya ta aikin horo a asibiti, sannan bautar ƙasa, ban da yajin aiki irin na 2022 da ya rufe jami'o'i daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wannan doguwar tafiya sai wanda abin yake ransa.

Shin yana ran nasa? A wasiƙarka na ji burin marigayi, na ji Baffa, na ji kukan Hajiya, amma ban ji yaron ba. Yaro mai tarbiyya ba zai kalli wansa da yake ci da shi ya ce ba ya son abin da aka zaɓa masa ba. Zai ce "to Yaya", ya je ya rubuta, ya dawo da abin da ya samu. Ka ɗauke shi ku biyu, ba a gaban Hajiya ba, ba a zauren Baffa ba, ka ce masa ka cire maganar likitanci daga wuyansa, ya faɗa maka abin da yake so. Bayan nan ka bi su wajen aiki rana ɗaya ka gani da idonka. Ka lura ko tsani kawai yake ɗauka yana miƙa filaya, ko kuwa idan aka ce ga gida mai firji ɗaya, fanka huɗu da ƙwan fitila goma, zai iya zama da biro ya fitar da yawan fanel da batir da girman inbatar da za ta ɗauka. Idan yana wannan lissafin, ko yana naci sai an nuna masa, to Fiziks da Lissafin da ya ci a takarda sun sauko hannunsa, kuma amsar tambayarka tana nan.

In haka ne, akwai wani tarko da ya kamata ka sani. Darussa huɗu ake rubutawa a JAMB, Turanci dole ne, sauran ukun kuma kwas ɗin da aka nema shi yake yanke su. Mai neman likitanci yana rubuta Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Mai neman injiniya yana rubuta Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Ke nan 214 ɗin bana, tunda babu Lissafi a ciki, ba za ta kai shi injiniyan lantarki ba, ko a jami'a ko a foliteknik. Abin da za ta iya ba shi, idan makarantar ba ta rufe ɗauka ba, shi ne a je cibiyar da JAMB ta amince da ita a canza kwas zuwa irin su Bayoloji, Maikurobayoloji, Bayokemistiri ko ilimin noma. Kwasa-kwasai ne masu daraja ga mai son su. Amma kada ku karɓa don kawai da babu gara ba daɗi. Na ga yara da yawa da aka cusa su haka da sunan in sun shiga za su koma likitanci daga baya, komawar ba ta yiwu ba, suka fito da takardar da ko su ba su san inda za su kai ta ba. Idan kuma hirarku ta nuna harkar asibitin ce dai a ransa, akwai kwalejojin aikin jinya da na fasahar kiwon lafiya, waɗanda makinsa zai iya yin tasiri a cikinsu. Makin JAMB na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi, don haka in za a yi amfani da na bana a yi yanzu.

Idan lantarkin ne, ga yadda nake gani. Ya sake rubuta JAMB, amma da Lissafi a madadin Bayoloji, ya nemi injiniyan lantarki. Kada ku kafe a kan Bayero kaɗai don tana kusa da gida. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil, ga foliteknik ta jihar Kano, ga ta Kaduna, ga ta Hussaini Adamu a Kazaure. Ina so in tsaya a kan foliteknik, domin mutanenmu suna kallonta a matsayin wajen waɗanda suka rasa jami'a, alhali ga yaro mai aikin hannu wataƙila ta fi dacewa da shi. Shekara biyu zai yi ya samu ƙaramar difloma, ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan ya zaɓa: ko ya koma ya yi babbar difloma shekara biyu, ya tafi bautar ƙasa kamar kowa, ko kuma, idan sakamakonsa ya yi kyau, ya nemi shiga jami'a kai tsaye aji biyu. Ba zan ɓoye maka ba, har yanzu a wasu ma'aikatu ana fifita mai digiri a kan mai babbar difloma. Shi ya sa nake ce wa yara su ɗauki ƙaramar diflomar da gaske tun zangon farko, domin sakamakonta ne mabuɗin shiga kai tsayen. Akwai kuma IJMB, karatun share fage da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da jarrabawarsa, wanda shi ma yake kai yaro aji biyu. In za ku bi ta nan, ku yi shi a makarantar gwamnati da aka sani, domin cibiyoyin bogi sun yi yawa.

Amma duk wannan sai baɗi. Watannin da ke tsakani su ne abin da ya fi damuna, domin zaman jiran sakamako ya lalata yara fiye da faɗuwa jarrabawa: barcin hantsi, majalisa, waya har asuba, daga nan sai abokan banza. Ƙanenka Allah ya taimake shi ya samo wa kansa abin yi. Aikinka shi ne ka mayar da wannan bin da yake yi ya zama koyo na gaske. Sana'ar kuma ta zo a kan gaɓa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, aka kuma ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, a Afrilun 2024, masu shaguna, asibitoci, masallatai da masu noman rani suke ta komawa sola. Masu haɗawa sun yi yawa, amma waɗanda suka san lissafin abin kaɗan ne, shi ya sa za ka ji an kashe wa mutum kuɗi masu yawa batir ya mutu cikin 'yan watanni.

Ka je wajen maƙwabcin nan a matsayinka na wan yaro, da Baffa tare da kai, ku damƙa masa shi a hukumance. Kafin nan ka yi bincike kamar yadda ake binciken aure. Yara nawa ya yaye, kuma ina suke yanzu? Yana sakar wa yara aiki, ko ɓoye sirrin sana'a yake yi don kada su tashi? Akwai shaye-shaye a cikin yaransa? Ana tsayawa salla? Yana kashe wuta ya gwada da mita kafin ya sa yaro ya taɓa waya, ko irin masu gwadawa da bayan hannu ne? Wannan ta ƙarshen ba ƙaramar tambaya ba ce, wutar lantarki da hawa rufin kwano suna kisa. Sannan ku yi magana ƙarara a gaban shaidu, a rubuta: tsawon lokacin koyo, abin da za a koya masa daki-daki, kuɗin abinci da na mota, ranakun da zai tashi da wuri don darasin JAMB, da abin da zai biyo baya ranar yaye. Mu Hausawa muna jin nauyin irin wannan maganar, sai mu ce ai maƙwabci ne, ɗan'uwa ne, daga baya a zo ana jin haushin juna, yaro ya shekara bakwai yana yaron shago. Kai da kake kasuwa ka san yadda 'yan kasuwar Ibo na Sabon Gari suke yanke shekarun yaro tun ranar farko, su kuma sallame shi da jari in ya cika. Ba abin kunya ba ne mu yi koyi da wannan.

Sana'ar ma tana da takardunta, kada a bar shi da iyawa kawai. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin gwajin sana'a mai mataki uku, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya. Hukumar NABTEB tana ba da shaidar sana'o'in hannu. Hukumar NBTE, mai kula da foliteknik, tana da tsarin NSQ na tantance wanda ya koyi aiki a gareji ko shago a ba shi shaida gwargwadon ƙwarewarsa, kuma ta wannan hanyar foliteknik ta Kaduna ta haɗa kai da masu sana'a na kasuwar Panteka. Ga mai wayarin kuma, hukumar NEMSA, mai duba ingancin aikin lantarki, ce take ba da shaidar ƙwarewa. Ranar da kamfani ko ma'aikata za ta ba da kwangila, waɗannan takardun ake tambaya.

Idan lokacin rajista ya zo, yawanci a farkon shekara, kada ka miƙa wa yaron shagon intanet kuɗi ka ce ya cike. A nan ake yin ɓarnar da take cin shekara. Da layin wayar ƙanenka na kansa za a tura lambar NIN ɗinsa zuwa 55019 ko 66019 don a samu lambar buɗe rajista, kuma wannan layin a riƙe shi da kyau, kada ya ɓata, kada a bari a rufe shi, domin ta nan saƙonnin hukumar suke zuwa. Tun yau ka sa ya kawo maka takardar NIN, sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma, ku shimfiɗa su a tabarma ku bi harafi-harafi. Za ka iya tarar da Muhammad a ɗaya, Mohammed a ɗaya, sunan uba ya zo gaba a nan ya koma baya a can, ko ranar haihuwa ta sha bamban. Gyaran yana ɗaukar lokaci, gara a fara shi tun kafin a buɗe rajista. Ku tabbatar an ɗora sakamakon sakandarensa a shafin JAMB, domin in ba a ɗora ba ko ya ci 300 ba za a ba shi gurbi ba. Ina ma so ku duba ko an ɗora na bana, don ku san ainihin abin da ya faru. Ku sani kuma makarantu da yawa ba sa duba wanda bai sa su a zaɓin farko ba, kuma kowace tana da tata tantancewar bayan JAMB, mai rajista daban da wa'adi daban. Yaron ya riƙa leƙa shafinsa da kansa duk mako.

Batun kuɗi, akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, ga ɗaliban makarantun gwamnati, har da foliteknik. Babu kuɗin ruwa a ciki. Ana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye, a ba shi na kashewa duk wata in ya nema, kuma sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara biya. Bashi ne dai, a ci shi da niyyar biya. Yaron da yake da sana'a a hannu kuwa, aikin Asabar da Lahadi da na hutu zai rage maka nauyi sosai.

Hajiya kuma a bi ta a hankali. Hawayenta ba na likitanci ba ne kaɗai, na mijinta ne, tana ganin kamar in an bar maganar an sake binne shi. Kada ka je mata da lissafin maki. Ka ce mata ba a daina karatu ba, hanya aka canza, kuma abin da marigayi yake nema shi ne ɗansa ya zama mutum mai amfani, ya riƙe kansa, ya riƙa yi masa addu'a. Buri ne ya yi irin na kowane uba, bai ɗora muku abin da ya fi ƙarfinku ba. In akwai wata 'yar'uwarta ko malamin da take jin maganarsa, ka fara shigar da shi. Ka roƙe ta ta sa wa yaron albarka a kan abin da ya zaɓa, shi kuma ya yi istihara. Baffa yana da gaskiya da ya ce kada a ci gaba da zuba kuɗi a inda ba a ganin haske, ka faɗa masa haka don ya san an ji maganarsa. Inda ban bi shi ba shi ne jawo yaron shago. Mai kiredit biyar na kimiyya da hannu mai kama aikin lantarki, in aka zaunar da shi yana auna yadi ba da son ransa ba, an yi asarar abu biyu.

Ita kuma ƙanwarku, tata ta fi gaggawa fiye da yadda kake zato. Yawancin jami'o'i ba sa ɗaukar mai neman karatun lauya sai da kiredit a Adabin Turanci, kuma makarantunmu da yawa ba su da malamin darasin, sai yara su bar shi ba tare da an gaya musu abin da zai jawo ba. Ka je makarantarsu da kanka a wannan makon, ka nemi a nuna maka jerin darussan da za a yi mata rajistar WAEC da NECO da su. In babu Adabin Turanci, a sa shi tun ba a rufe ba, a nemo mata mai koya mata ko da yamma ne. In an riga an rufe, akwai jarrabawar masu zaman kansu da hukumomin biyu suke yi a ƙarshen shekara, sai dai ku fara duba ƙa'idar jami'ar da take so a kundin kwasa-kwasai na JAMB, domin wasu ba sa karɓar sakamakon zama biyu a kwas irin wannan. Sunanta da ranar haihuwarta a NIN su ma a daidaita su da na makaranta tun yanzu, kuma a yi mata layin waya nata na kanta kafin rajista.

Allah ya yi muku jagora, ya ba Hajiya haƙuri.